Rakiyar da Kawu Arzika Ya Yi Mini

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya nufi tashar Filinge a zamanin Kawu Arzika ya san abin da zan faɗa. Ba ka isa ka hau mota ba sai ya kwance maka ƙunshi. Shi ba ɗan kamasho ba, ba jandarma ba, babu wanda ya naɗa shi komai. Tabarma ce kawai gare shi a gindin dogon yaro, da sanda, da hannu mai ƙaiƙayi. Zai jawo kayanka ya zazzage a gaban jama'a, ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana tambaya: "Wanga hwa, kai ka ɗaukar shi, ko shi ka ɗaukar ka?" In amsarka ba ta gamshe shi ba, abin ya zama ajiya a wurinsa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya komo ya karɓi ajiyarsa ba.

Abin da ya sa na tono maganar, kwanan baya a wurin wani suna na ji ɗaya daga cikin jikokinsa, wanda bai ma san shi ba, yana gaya wa mutane wai kakansu mutum ne mai sauƙin kai. Sauƙin kai! Saura kaɗan goro ya shaƙe ni. Ku da kuka zauna da shi kuna nan kuna ji, ba wanda ya ce uffan. To ni zan ce, don ni ya fi gasa wa aya a hannu.

Ku tuna fa lokacin soja ne, lokacin da in ka hango kaki sai ka gyara tsayuwa ko ba ka yi laifi ba. A cikin wannan hali wani saurayin soja ya gama hutu zai koma bariki, ya zo tasha da ƙaton buhu. Kowa ya ba shi hanya. Kawu ya sa sanda ya jawo buhun, ya zura hannu, sai ga ɗan turmi sabo da zai kai wa amaryarsa.

Kawu ya ce, "Yaƙi za ka ko daka?"

Sojan ya haɗe rai ya ce, "Baba, ka san da wa kaka magana?"

"Na sani mana. Ɗan Tamo na, wanda yay yi kuka ran shayi har jakai sunka amsa mai."

Tasha ta kwashe da dariya. Soja ya hau mota ba turmi. Shekara da shekaru matar Kawu tana daka yaji a cikinsa.

Taƙamarsa ɗaya ce: tun zamanin Nasara, yana saurayi, ya taka da ƙafa daga ƙasar Kurfai har Kumashi, daga shi sai gora da sanda. Saboda haka duk wata tafiya da ɗan Adam zai yi, shi ne alƙalinta. Hanyar kuwa kullum ƙara tsawo take yi a bakinsa, kurayen da ya gamu da su suna ƙara yawa.

Ni kuma Isufu, ɗan ƙanwarsa Hajo, na gama lise, wato sakandare, a Yamai kaina yana hayaƙi. A can nake ganin samarin Turawa da 'yan jakunkuna a baya, sun keto hamada, ƙafa duk faso, suna yawon ganin ƙasashe. Na ce su ƙafa biyu, ni ƙafa biyu. Samarinmu suna tafiya cin rani ƙungiya-ƙungiya, su sauka gidan ɗan gari, su yi dako, su komo da damina. Ni ba wannan nake so ba. So nake in tafi ni kaɗai, in ga teku, in bi bakinta ƙasa bayan ƙasa, in na gaji in yi ɗan aiki in ƙara gaba. Na sayi irin jakar nan a gwanjo, kore, mai igiyoyi ta ko'ina, na zo gida na gaya wa Inna.

Mahaifina ya riga ya rasu. Inna ta yi kukanta ta share, ta ce abu ɗaya take roƙo: kada in tsallake iyakar ƙasa sai yayanta Arzika ya sa mini albarka da bakinsa. Ta sa na rantse. Ni kuwa na rantse da sauri, don a ganina albarka kalma ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da na san abin da na sa kaina a ciki!

Na same shi a zaure, na durƙusa na karanta masa.

Ya ce, "Aiki kas samu can?"

Na ce, "A'a, Kawu. Gani za ni."

"Ganin mi?"

"Duniya. Teku."

"Teku ruwa na. Ruwa mai gishiri, ko jaki ba ya sha. Na riga na gano maka shi tun ba a haihe ka ba. Zamna."

Na ce ni dai da idona nake so. Ya ce to in kawo kayan tafiyar ya gani. Na ruga gida na cika jakata, na zura hannuwa cikin igiyoyin, na ɗaure ta ciki, na shigo gidansa ina taku irin na wanda ya san duniya. Ya dube ni ta gaba. Ya zagaya ya dube ni ta baya. Sai ya ɗaga murya, yadda har maƙwabta za su ji:

"Hajo! Ku kira Hajo ta zaka ta gani! Ɗanta ya haihu!"

Ku kun san a wurinmu namiji a ka yake ɗaukar kaya, ko a kafaɗa, ko ya ɗora wa jaki. Baya na mata ne da jarirai. Kafin in kwance igiyar ciki, matan gida sun fito, na maƙwabta sun leƙo ta kan darni. Kawu yana shafa jakar a hankali yana cewa, "Namiji na ko mace? Yaushe suna? Ku dama mai kunun kanwa, maijego na." Wata tsohuwa har da guɗa. Daga ranar sunana ya ɓace a garin Filinge. Yau ga ni da furfura, da surukai, amma akwai tsofaffin da in na gaishe su sai su ce, "A'a, Maijego, yaushe a gari?" Wannan ban yafe ba, kuma ina so a sani.

Na ce to, an yi dariya an gama, sai albarka. Ina! Ya ce sai ya gwada ƙafata tukuna, don ba zai sa wa rago albarka ya je ya kunyata Kurfayawa a ƙasar mutane ba. Ya zazzage kayana, ya cika jakar da gero, ya ce in kai wa wani amininsa a rugar Fulani can bayan dutse. Na kai, aka cika mini ita da wake na komo. Washegari gero kuma, wani ƙauyen daban. Rairayin nan na kwarin Dallol yana cin ƙafa, rana tana dukan ƙeya, igiyoyi sun yanka mini kafaɗu. Ina tafe ina gaya wa kaina horo ne, haka manyan matafiya suka fara. Sai ran nan na shiga bayan gidansa neman ruwa, na tarar da jakinsa a kwance, an ɗaure masa ƙafa da tsumma. Ashe targaɗe ya yi tun kafin in zo da maganata.

Na fito a fusace na ce, "Kawu, ashe aikin jaki nika yi!"

Ko kunya babu ya ce, "Ka hi shi ma. Kai ba ka cin harawa."

Da jaki ya warke aka ce na ci gwaji. Aka zo shirya kaya. Rediyona ƙarami da nake ji da shi, ajiya. Takalmi na biyu, ajiya, wai ƙafa nawa gare ni. Tabarau, ajiya, wai wanda zai je gani me zai yi da abin rufe ido. Ya zuba mini gumba, da yaji, da kanwa, da allura da zare. Ni dai albarka nake jira. Ya ce gobe a tasha.

Da safe Inna ta tsaya a ƙofar gida, ba ta iya rakiya ba. Abokaina suka kai ni tasha. Na tarar da Kawu ya sha babbar riga da rawani, abin da ba ya yi sai da salla. Na durƙusa. Ya dubi jama'a, ya dubi 'yan kamasho suna ihu, ya ce, "Ba a sa albarka cikin hayaniya." Kafin in buɗe baki ya kama ƙarfen mota ya haye, ya zauna a wurin da na kama wa kaina kusa da taga.

Na ce, "Kawu, ina za ka?"

"Baleyara. In ga kuɗɗin awaki."

Mutumin da ba shi da akuyar sayarwa, ba shi da niyyar saye! Na matsa na zauna a gefensa, goyona a kan cinya. Na ce ba komai, Baleyara ba nisa, can zai sallame ni.

Muka isa Baleyara. Ya leƙa ta taga, bai ko sauka ba, ya ce awaki sun yi tsada. Na ce to albarka fa? Ya toshe hanci ya ce, "Cikin warin ga? Albarkar ta kama wari ta bi ka har Kumashi?" Mota ta tashi da mu.

Sai shingen jandarma. A lokacin ba wasa, kowa ya sauka ya nuna katinsa. Kawu kuwa tunda aka haife shi bai taɓa yin kati ba. Jandarma ya miƙa hannu, Kawu ya juya masa kumatu, ya nuna zanen Kurfayawa da ke fuskarsa.

"Ga kati nan. Ubana yab buga shi. Ba ya jiƙewa, ba ya ɓacewa."

Jandarma ya ce ba a wasa da hukuma. Kawu ya ce shi ma bai zo wasa ba, ya shimfiɗa buzunsa a inuwar rumfar jandarman ya zauna. Aka tsare motar gaba ɗaya. Rana ta take, yara suna kuka, fasinjoji suna harara ta, ni, kamar ni na haife shi. Shi kuwa ya fara ba jandarman labarin Kumashi tun daga farko. Ba a kai ga kura ta biyu ba jandarman ya ɗaga shinge da hannunsa ya ce don Allah mu tafi. Haka aka yi a kowane shinge. Ni mai kati, mai takardun lakkwal, wato na makaranta, ni ake zazzage wa jaka. Shi sai ya nuna kumatu.

A Yamai na ce yau kam ƙarshe, daga nan ba shi da hujja. Ya ce garin da mutane ke wuce ka ba sallama ba garin albarka ba ne. Kuma ni da na yi shekaru a Yamai, na san kowane lungu, ni ya kama wa hannu zai tsallakar da ni titi. A tashar motocin da ke zuwa Gaya, garin iyaka, wasu 'yan mata masu sayar da lemo suka ga dattijo riƙe da hannun ƙato mai gemu-gemu, ɗaya ta ce, "Baba, ina za ka kai shi?"

Kawu ya ce, da alfahari kuwa, "Yawon duniya za shi. Shi ɗai."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na fizge hannuna na ce, "Kawu, ka sa min albarka ko ka hana ni, amma ka koma gida!" Ya ce ai shi ba bina yake ba, hanya ta gwamnati ce, kuma yana da wani aboki a Doso da ya daɗe bai gani ba. Muka zo Doso. Na ce ina gidan abokin? Ya ce yanzu ya tuna, ya rasu.

Daga nan na daina yi masa magana. Na juya masa ƙeya har Gaya. Ina ta saƙe-saƙe. In na tsallake ba albarka na karya rantsuwar da na yi wa Inna. In na tsaya jira, tsohon nan zai bi ni har bakin teku yana gaya wa mutane ni kaɗai nake tafiya. Na fara tunanin ko in haƙura in koma, in zauna a Filinge a riƙa kira na Maijego, wanda ya tafi yawon duniya kawunsa ya maido shi. Shi kuwa yana gefe yana cin gumbata.

Da hantsi muka isa bakin gadar da ta raba mu da Benin. Ga kogi shimfiɗe, ga rumfar masu duba takardu. Aka buga mini hatimi. Kawu ya matso ya juya kumatu.

Jami'in wani dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce, "Baba, na ga zane, na kuma girmama shi. Amma iyakarsa ruwan nan."

Kawu ya ce, "Sa'ad da nib bi nan babu gada, babu rumhwa, babu kai."

"Gaskiya ne, Baba. Yanzu akwai."

Kawu ya shimfiɗa buzu, ya fara Kumashi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, da kuraye da komai, ya ce labari ya yi daɗi, amma ba a wucewa. Ban taɓa ganin an ka da Kawu Arzika ba sai ran nan. Ya naɗe buzunsa a hankali. Na ga ashe tsoho ne ƙwarai, rigar ta yi masa yawa.

Ya ce mini, "Zaka nan." Ya ja ni gefen kwalta inda ƙasa take da danshi. "Hidda takalmi. Na dama."

Na ce, "Kawu, mutane na kallo."

"Su kalla. Taka."

Na taka. Ya ce in ɗaga. Sai ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sa yatsu ya kwashe ƙasar sawuna tun daga diddige har yatsu, ya ƙulle a bakin rawaninsa. Na san al'adar. Iyaye mata ke yi a ɓoye bayan matafiyi ya juya baya, wai don ƙafar ta komo inda aka ajiye sawunta. Ban taɓa jin namiji ya yi ba, balle a gaban jandarmomi da direbobi.

Na ce, "Kawu, Allah ka maido mutum, ba ƙasa ba."

Ya ce, "Na sani. Ni dai ba ni zama hannu sake." Ya ƙara ɗaure ƙullin da haƙori. "Uwarka ta so ta ɗiba a ƙohwar gida, inda yara ka tattakewa. Tun daren tahiya nac ce ta bari, ni ka ɗebo mata na ƙarshe, wanda ba a taka ba." Ya dubi ruwa. "Da munka ƙetare nan, da ƙanena Gado munka ƙetare. Shi ma gani yac ce za shi, daga Kumashi yay yi gaba. Ba wanda yaɗ ɗebi sawunai. Har yau Hajo in taj ji mota sai ta dibi ƙohwa."

Ban taɓa jin sunan Gado ba, a gidanmu ko a gidansa. Duk labarin Kumashi da ya cika mana kunne da shi, bai taɓa sa shi a ciki ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Ya ɗora tafinsa a kaina. Albarkar da na biyo tun daga Filinge, da gero da wake da kunya, ba ta fi numfashi ɗaya ba, kamar yadda na zata tun farko. "Allah shi kiyaye ka, shi nuna maka abin da kaka son gani, shi maido ka. Tahi. Kak ka waiwaya."

Na hau gada ina kuka kamar yaro. Da na kai tsakiya na kasa daurewa, na waiwaya. Yana nan tsaye inda na bar shi, ya damƙe bakin rawani a hannu. Da ya ga na juyo sai ya ɗaga sanda ya yi kamar zai jefo ni da ita. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, yana zagina daga nesa.

Na ga teku. Na bi bakinta Kwatano, Lome, Ankara, har Abijan, na yi dako, na yi wanki, na koyar da yara, na ƙara gaba. Tafiyar da na ce ta shekara ce ta miƙe. Na bar soja a kan mulki, na komo na tarar ana ta hayaniyar jam'iyyu. Inna ta tarbe ni a ƙofar gida, ta kama fuskata da hannu biyu, sannan ta shiga ɗaki ta fito da tsohon rawani mai ƙulli a baki. Ta ce tun ranar Kawu bai yarda an wanke shi ba, kuma duk wanda ya taɓa ƙullin sai ya sha sanda. Da daminar da ta wuce ya kwanta ciwon ajali, ya ba ta ya ce ta riƙe, kada ta kwance sai ta gan ni da idonta. Ta kwance a gabana, ta zuba ƙasar a bakin ƙofa, ta ce in taka in shiga.

To ku gaya mini, wannan adalci ne? Mutum ya bi ni har iyakar ƙasa, ya tozarta ni a kowace tasha, ya ƙulle mini ƙafa don dole in komo. Na komo. Shi kuma ya sulale ya tafi, bai jira ni ba, bai bari na raka shi ko zuwa bakin gari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, sai kuma in ji hawaye.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya sada shi da ƙanensa Gado a inda ba a rabuwa. 'Ya'yanmu da ke kan hanyoyin duniya kuwa, Allah ya maido mana su muna da rai.